Ƙorafin Bakanike ga Injin da Ya Leƙa Zuciyar 'Yarsa

Zuwa ga Mai Girma Injin Maganaɗisu, mai ɗaukar hoton zuciya da ƙwaƙwalwar yara, ɗaki na ƙarshe kafin banɗaki.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan wuta ba ta yanke maka ba, ni ne bakaniken nan, uban Auta, yarinyar da ka haɗiye ranar Talata saboda sumar da take yi in ta yi gudu. Ina da 'yan koke-koke.

Na ɗaya. An hana ni shiga wajenka, wai shekara ashirin ina goge ƙarfe, ƙila akwai ɓurɓushinsa a idona, kai kuwa ba ka ganin ƙarfe ka ƙyale. Uwarta ce ta shiga, bayan an raba ta da 'yan kunne, da makullin gida, da fil goma sha ɗaya da ita kanta ba ta san tana ɗauke da su ba. Wane irin kwaɗayi ne wannan ga babba kamarka?

Na biyu. Ka ce 'yar shekara shida ta kwanta minti arba'in ba motsi. Yallaɓai, ka taɓa haihuwa? Yarinyar da ko barci take sai ta zagaye katifa sau uku? Abin takaicin ma shi ne ta yi maka biyayya. Ni da nake ciyar da ita ban taɓa samun minti biyu ba. Wallahi na ji haushi.

Na uku. Ƙararka. Daga bakin ƙofa na kasa kunne, kuma ba don raini ba, injinka na buga ƙwanƙwasa. Da mota ce aka kawo mini da wannan kuka, ba zan bari ta fita gareji ba. Na gaya wa ma'aikaciyar jinya a sake maka baƙin mai, har na ce sifanata na cikin mota. Ta ce in zauna, ko ta kira mai gadi.

Na huɗu, wanda shi ya sa na ɗauki biro. Duk wannan surutun da ka yi, da ka gama sai ka yi gum. Ma'aikacinka ya ce ƙwaƙwalwa kamar lafiya, zuciya kuwa sai ranar Litinin likita zai duba hoton. Kai ka riga ka gani. Ka san ko ramin da ake zargin yana cikin zuciyarta ƙarami ne ko babba, ka bar ni ina ɗaura tayar mutane a baibai. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe, ba zan ɓoye maka ba.

Don haka ga roƙona. A sana'armu, in wani abu ya lalace a sabuwar mota, tsohuwa ake kwancewa a ciro mata. Ni tsohon yayi ne, shekara arba'in da shida, amma zuciyata ba ta taɓa tsayawa a hanya ba. In ta Auta sai an sauya, ka sanar da likita akwai wata a ajiye, kuma kamfaninsu ɗaya.

Naka mai biyayya, daga nesan da aka ce in tsaya,

Bakanike, uban Auta.