Ranar da Na Kakkaɓe wa Dubulan Riɗi

Ba zan taɓa mantawa da wata Litinin ta watan Disamba ba, ko da za a wanke mini ƙwaƙwalwa da sabulun salo. A ranar ne na tsaya gaban abokan aikina, da babbar riga da hula, na shara ƙarya a kan fulawa da sukari, aka kuma kama ni tun ban sauke hannu ba.

Ina aiki a wata masana'anta a Saint-Fons, gefen Lyon, inda muke haɗa sinadaran da ko sunansu ba na iya faɗa sai na huta a tsakiya. Shef ɗinmu, wato shugaban sashenmu, Musyu Bernard, mutumin Alsace ne, mai son tara jama'a kamar uwar biki. Shi ya ƙirƙiro mana wata al'ada: kafin a tafi hutun Nowel, wato Kirsimeti, kowa ya kawo gato, wato kayan zaƙi na fulawa, irin wanda ake yi a ƙasarsu ranar salla ko biki, a jera a ɗakin cin abinci, a ɗanɗana.

Shekara uku ina halartar taron nan hannu rabbana. Aikina biyu ne, ci da kushe, kuma duka na ƙware.

Bernard yakan kawo wasu 'yan mitsi-mitsin biskit masu siffar tauraro da zuciya, suna ƙamshin kirfa. Na ce masa abin tausayi ne mutum da furfurarsa ya wuni yana yanka tauraro, ƙarshe a samu abin da ko kaza ba za ta ƙoshi da shi ba. Wata 'yar Poland ta kawo nasu mai citta da zuma, na ce ta adana shi, in bulo ya yi tsada a yi gini. Na mutumin Lebanon, mai dabino a ciki da garin sukari a bisa, na ce an shafa masa hoda ne don kada a ga muninsa. Ko Bulus, injiniya ɗan Jos, wanda muke Hausa da shi kullum, ban raga masa ba. Cincin ɗin Kirsimeti da matarsa ke soyawa na sa masa suna tsakuwar likitan haƙori. (Ina faɗa ina cika aljihu da shi, wannan kuma tsakanina da ku.)

Amma wadda ta fi shan bakina ita ce Madam Zohra, 'yar Aljeriya da ke ɗakin gwaji. Takan kawo wani abu da suke kira giriwesh: kwaɓin fulawa a murɗe shi kamar kitso, a soya, a tsoma a zuma, a yayyafa riɗi. Duk Bahaushen da ya gan shi zai ce ɗan'uwan dubulan ne. Ni kuwa sai na mai da shi tarihi. Na ce dubulan ɗinmu ne fatake suka ɗauka ta Agadez, ya lalace a hanya, shi ya sa suke zuba masa riɗi don su rufe aibinsa.

A shekara ta huɗu Zohra ta gaji. Ana saura mako biyu taron ta tare ni gaban kowa.

"Alhaji, shekara uku muna jin labarin dubulan, ko hotonsa ba mu gani ba. Ko dai a baki kawai ake soya shi?"

Aka yi dariya. Ni kuma na daki ƙirji na ce bana za su gani, daga hannun matata, kuma duk wanda ya ɗanɗana sai ya je ya nemi gafarar harshensa.

Sai da na iso gida na tuna matar tawa ba ta gari. Hajiya Rakiya tana Paris, a Clichy-sous-Bois, wajen ƙanwarta mai jiran haihuwa yau ko gobe. Na kira ta, na yi doguwar gaisuwa irin wadda ban saba ba, har da tambayar lafiyar maƙwabta.

"Malam, faɗi abin da kake so," in ji ta.

Na faɗa. Sai ta ce:

"Da za ka daki ƙirjin, ka tambaye ni? Ka san dubulan ba shayi ba ne. Ai sai ka soya shi da bakin da ka yi alkawarin."

Allah ya taimake ni aka haihu, suna ya faɗo ranar Asabar, kwana biyu kafin taronmu. Rakiya da wasu mata biyu suka yi kwana biyu a tsaye kan mai, a ɗan kicin da in mutum ya juya sai ya nemi izinin bango, suna soya dubulan ɗin suna. Ni ma na je Paris sunan, ta ware mini nawa. Ranar Lahadi da safe da zan komo, ta miƙo mini kwanon samira mai murfi, wanda ta gada wajen mahaifiyarta a Damagaram, ta ƙulle shi da ɗankwali.

"Kada ka buɗe sai gaban mutane. Kuma kwanona ya dawo."

Na ce haba Hajiya, ni yaro ne?

Daga Paris zuwa Lyon awa biyu ce a jirgin ƙasa. Wallahi ban yi niyyar komai ba. Muna fita gari jirgin ya ɗan girgiza, sai tsoro ya kama ni ko wani ya karye. Na kwance ɗankwalin don dubawa kawai. Ɗaya ya karye kuwa. To, ya za a kai wa Turawa karyayyen dubulan? Na rufa masa asiri. Na kusa da shi kuma ya ɗan fi sauran duhu, shi ma bai dace da mutuncin ƙasa ba. Wata tsohuwa da ke gefena tana ta leƙe, na ba ta biyu (wannan sadaka ce, kada a sa a lissafina). Daga nan ban san abin da ya faru ba. Na dai san na ga shanu ta taga, na ga gonaki, hannuna yana zuwa yana dawowa kamar ba nawa ba. Da aka ce mun iso Lyon, na leƙa kwano na ga guda uku suna kallona, sai ruwan sukari a ƙasa.

Mai hankali da sai ya kai ukun nan, ya faɗi gaskiya, a yi dariya a wuce. Ni sai na hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa unguwar Guillotière.

Na shiga wani kantin kayan zaƙi na Larabawa, na ga giriwesh an tula shi kamar dutse. Abin da na shekara uku ina zagi. Na ja hula ta rufe goshi, na ce wa matar da ke sayarwa ta auna mini kilo biyu. Har na ƙara da tambaya, cikin ƙasa da murya:

"Babu marar riɗi?"

Ta dube ni kamar na nemi rago marar ƙashi. Ta ce babu.

Don haka na wuni a gida, ni magidanci mai 'ya'ya a jami'a, da tabarau a hanci da sabon buroshin haƙori a hannu, ina kakkaɓe riɗi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya maƙale a lungu na bi shi da tsinken sakace. Zuma har gwiwar hannu. Kafin magariba na cika kwanon Hajiya, na ɗora dubulan na gaskiya guda ukun a bisa, na ƙulle ɗankwali, na ce da kaina kai dai Allah ya yi maka basira.

Litinin da azahar na shiga ɗakin cin abinci da babbar riga. Tauraron Bernard na nan, bulon Poland na nan, tsakuwar Bulus na nan. Zohra ta ce bana ba ta kawo komai ba, ta zo koyo ne. Wannan kaɗai ya isa ya sa in tsargu, amma girman kai ya toshe mini kunne.

Na ɗora kwanon a tsakiyar tebur na fara jawabi. Na ce sirrin wannan kwaɓi daga kakar kakar matata ya taso. Na ce ba a koya wa bare murɗinsa. Na ce a garinmu in mace ta iya shi, ko tuwonta da gudaji ana yafe mata. Na juya wajen Zohra na ce yau za ta ga uban giriwesh ɗinta.

Bernard ya ɗauki na bisa, ya lumshe ido, ya ce bai taɓa cin irinsa ba. Bulus ya ɗauki na biyu, ya gyaɗa kai.

"Malam, yau kam ka fita kunya. Wannan dubulan ne."

Na ƙara faɗi a cikin riga. Sai Zohra ta matso. Ba ta taɓa na ukun ba. Ta tura yatsu can ƙasa ta zaro ɗaya, ta ɗaga shi wajen taga tana juyawa kamar mai sayen zinariya.

"Alhaji, matarka bahaguwa ce?"

Na ce a'a, me ya kawo wannan?

"Don wannan bahaguwa ce ta murɗa shi. Ka duba, duk sauran duniya dama suke murɗawa, wannan hagu ya bi." Ta ɗaga hannunta na hagu tana kaɗa yatsu. "Kantin yayata ne. Duk Lahadi ina taya ta. Ina bayan labule lokacin da wani mai hula ya tambayi marar riɗi."

Ta sa farce a wani lungu na giriwesh ɗin, ta ciro ƙwayar riɗi guda ɗaya, ta kamo hannuna ta ajiye mini a tafi.

"Ka manta da wannan."

Bulus ne ya fara. Ya zaro ɗaya daga ƙasa ya gutsura, ya ce da Hausa, "Kai, Malam, wannan dubulan ɗin ai ya yi hijira!" Sannan don mugunta ya fassara wa kowa. 'Yar Poland ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Bernard, bawan Allah, shi kaɗai bai gane ba, yana ta tambaya, "To amma wanda na ci fa? Ina sauran irinsa?" Bulus ya nuna cikina ya ce, "Ga su can, Shef."

Ban san yadda na fita ba. Na dai tsinci kaina a tashar bas, da babbar riga, da ƙwayar riɗi a hannu. Kwanon Hajiya kuwa na baro shi a kan tebur.

Bayan mako biyu Rakiya ta dawo. Tun ba ta cire mayafi ba ta tambayi yadda aka yi. Na ce ai an yaba ƙwarai, shef har da lumshe ido (wannan gaskiya ce, ku shaida). Ta ce kwanon fa? Na ce yana wurin aiki, an rufe don hutu.

Washegari da la'asar aka buga ƙofa. Zohra ce, riƙe da kwanon samira, an ƙulle shi da ɗankwalin nan. Ashe su ma a al'adarsu ba a mai da kwano fayau. Ta cika shi da giriwesh, ta ɗora wata 'yar leda a bisa. Ta gaida Rakiya da ladabi, ta ce, "Wannan na ledar riɗi ne, madadin wanda maigidanki ya kakkaɓe."

Suka shige ɗaki suka rufe ƙofa. Na zauna a falo ina jin Faransanci yana tashi, dariya tana biyo baya, ina ta karanta takardar kuɗin wuta a juye.

Da baƙuwar ta tafi, na shirya wa faɗa. Rakiya ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan.

"Mu uku, kwana biyu a tsaye, ga mai jego ga jariri. Ka ga nan?" Ta nuna mini tabon mai a bayan hannunta. "Don kada ka ji kunya na yi. Kai kuma ka cinye a jirgi, ka ɗauko aikin wata ka ce nawa ne. Yanzu mutum biyu kaɗai a wurin aikinku suka san na iya dubulan."

Na ce uku ne, da tsohuwar cikin jirgi. Kallon da ta yi mini har yau in na tuna sai na gyara zama.

Hukuncin da ta yanke shi ne, baɗi ni zan murɗa. Haka kuwa aka yi. Disambar da ta biyo baya na wuni biyu a kicin da ɗaurin zane bisa wando, Rakiya a dama, Zohra a hagu (sun zama aminai, ni ne sanadi, ko godiya babu). Duk wanda na murɗa sai ya fito kamar igiyar da akuya ta tauna. Nawa aka ware a faranti daban, Zohra ta rubuta sunana a takarda ta kafa a kai. Kwanon samira kuwa Rakiya da kanta ta kai shi har ƙofar masana'anta, ta damƙa a hannun Bulus, ta ce kada a bar ni da shi ko a cikin lif.

Tun daga lokacin, duk abin da aka ajiye a teburin nan, ko da katako ne aka shafa wa sukari, cewa nake masha Allah, hannu ya yi kyau. Na gane cewa wanda bai taɓa tsayuwa kan mai ba, gara ya tauna bakinsa a rufe. Bernard yana ganin na shiryu ne. Ban shiryu ba. Zohra ce ke zama daura da ni, kuma duk sanda na buɗe baki zan yi sharhi, sai ta turo mini ƙwayar riɗi guda ɗaya a kan tebur.