Haƙoran Hajiya Biyu

A gidan tsofaffi na unguwar Hindawiyya a Jidda na fi kowa daɗewa a aiki, amma Hajiya Safiya ba ta bari in taɓa kumatunta, bare in goge mata baki. Sai ga Zainabu, zuwan jiya-jiya daga Nijar, ta zama 'yar gaban goshi. Takan matsa mata tafin hannu, ta hau kafaɗa, ta ɗora tawul mai ɗumi a kumatu, kafin ta kai leɓe. Har "binti", wato 'yata, Hajiya ke ce mata. Ni kuwa, haihuwar Jidda, ko sunana ba ta riƙe ba!

Na ce duk iyayi ne. Na sayo ruwan wardi mai tsada, na sanyaya shi a firij, na jiƙa auduga. "Yalla Hajiya, buɗe baki!" Na cusa yatsa.

Haƙora biyu suka rage mata. Dukansu sun same ni.

Ihuna ya tara ma'aikata. Zainabu na shafa kafaɗarta, Hajiya ta sake ni, ta ce, "Binti, wace ce wannan?"

Har yau in an kawo abincin rana sai wata ma'aikaciya ta leƙo ni: "Hajiya ta ƙoshi, ko za ki ƙara mata?"