Arɗon Kifi

Ana gab da samun mulkin kai ina aikin kuku a gidan wani Baturen makaranta a Bauchi. Yana da kifaye bakwai cikin akwatin gilashi, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Da zai tafi rangadin mako guda, ya nuna mini kwalbar wasu jajayen tsutsotsi sirara kamar zare, ya ce in riƙa zuba musu kaɗan kowace safiya.

Ni kuwa jikan makiyaya ne. Dabba ta rame a hannuna, abin kunya ne ga dangi duka. Na dubi kifayen nan, na ga yunwa ƙarara. Sai na taka har Inkil, na tono gwazarma a jujin shanun kawuna, farare ƙosassu, cike da ƙwarya.

Baba Audu mai gadi ya leƙa ƙwaryar ya ce, "Ɗan nan, tsutsar ai ta fi kifin girma. Wa zai ci wani?"

Na ce masa kiwo gadonmu ne, ya koma ya ji da ƙofarsa. Na juye duka.

Kwana biyu ruwan ya koma kamar kunun kanwa. Kifaye shida suka juyo ciki sama. Gwazarmar ma ba ta tsira ba.

Bature ya dawo, ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya tambaye ni da Hausarsa ko na taɓa kiwo. Na ce shanu. Ya ce, "Allah ya jiƙan shanu."

Bai kore ni ba, amma Baba Audu ya raɗa mini Arɗon Kifi. Har yau in na tsaya gaban masu soyayyen kifi a kasuwa, sai su ce, "Arɗo, wuce abinka. Waɗannan sun riga sun mutu."