Rasuwar Tsohuwa, Telen Malam Moctar, Ranar Zagayen Farko

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da bai ga dalilin ɓoyewa ba, Malam Moctar Hassoumi na hawa na shida a Stains yana sanar da 'yan'uwa na Paris da Lyon rasuwar telensa, wato talabijin, wadda gida ke kira Tsohuwa. Ta cika ranar Lahadin zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa, takwas na yamma saura minti ɗaya.

Marigayiya ta shigo gidan a 1988, a kafaɗar mai ita, lokacin yana aiki a masana'antar motoci. Mai kunya ce: in an kunna ta sai ta yi "zzzz" kusan minti guda kafin ta nuna fuska. Zaɓe shida ta raka Malam Moctar, mutumin da ba shi da ƙuri'a ko ta magajin gari, sai katin zaman baƙo da ake sabuntawa. A bakinta ya ji alkawarin cewa baƙin da suka daɗe za su yi zaɓen garinsu. Ya ji da baƙin gashi, ya sake ji da furfura. Bai taɓa riƙe ta da laifi ba, abin da aka sa mata take faɗa.

Ciwonta na tsufa ne. Hoto yakan kama rawa, Malam ya ɗan mare ta a kunnen hagu da yatsu uku, ta dawo hayyacinta. Ran Lahadin nan ana jiran fuskokin 'yan takara biyu masu wucewa zagaye na biyu da za su fito ƙarfe takwas, ana fargabar ɗayarsu ita ce mai alkawarin sake duba katin irinsu Malam ɗaya bayan ɗaya. Hoto ya kama rawa, ya ɗaga hannu. Daidai nan waya ta shigo. Ruwaida ce, 'yarsa, injiniya a Villeurbanne kusa da Lyon, haihuwar ƙasar nan, mai cikakkiyar ƙuri'a, wadda sunanta ke rajistar zaɓe ta Stains har yau don wai ba ta samu sukunin canzawa ba. Ta gaishe shi a tsaitsaye, ta ce Baba ya yi haƙuri, ba ta zo zaɓe ba, awa biyu a jirgi saboda 'yar takarda ɗaya ya yi yawa, kuma ai duk ɗaya suke. Hannun da ke sama ya sauko, amma ba da yatsu uku ba. Tsohuwa ta ce "fut", hotonta ya tattare ya zama ɗigo fari, ya ɓace.

Malam Moctar ba ya musun cewa hannunsa ne. Alhakin dai, in ji shi, yana Lyon. Ɗan Juma mai gyara na Château Rouge ya buɗe bayanta, ya girgiza kai, ya mayar ya rufe.

Ta rasu ta bar telekoman ɗaya na canza tasha ɗaure da roba, da uwargida Hajiya Balkisa, wadda tun ranar take jin labaran duniya daga bakin mijinta, da ƙari. Ta bar 'ya'yan gida huɗu masu jan fasfon Faransa, da suka koyi Faransanci a gabanta, suka girma suna cewa a canza tasha in an fara muhawara. Ana roƙon suruki Bukari ya daina aiko da hotunan sabbin tele masu faɗin ƙofa. Gawa na ɗaki, shi yana tallar magajiya. Kai, rashin ta-ido!

Ba a yi wa ƙarfe salla, don haka babu zaman makoki, babu shayi. Masu kwashe tarkace za su zo Litinin ta makon sama, za a sauko da ita ranar Lahadin zagaye na biyu. Asansar, na'urar hawa benen, ta lalace, ana bukatar masu ɗauka, amma ba mai taɓa ta sai wanda katin zaɓensa ke ɗauke da hatimin ranar. Rumfar zaɓe tana lakwal, makarantar da ke kallon gidan. Jirgin farko daga Lyon yana isowa kafin hantsi.

In Ruwaida ba ta zo ba, Malam zai sauko da Tsohuwa hawa shida shi kaɗai, da shekara saba'in da ɗaya a bayansa, kuma duk abin da ya faru a matakala a rubuta a kan Ruwaida. In ta zo, zai raka ta har bakin ƙofar lakwal, ya riƙe mata jaka ta shiga. Iyakarsa ke nan.