Maganin da Ya Ɓace Daga Cikin Kula

Har in bar duniya ba na jin zan manta da ranar da Farfesa, shugaban sashenmu, ya zo duba yadda nake koyarwa. Lokacin ban daɗe da samun aiki ba a wata makaranta a nan ƙasar Katagum, inda ake horar da ɗaliban harhaɗa magunguna. Tsarin sashenmu shi ne ba a sakar wa sabon malami aji sai shugaban sashe ya zauna a baya ya ga kamun ludayinsa. In ya gamsu, a ba ka darasi naka na kanka. In bai gamsu ba, ka ci gaba da jera wa manya kwalabe a ɗakin gwaji har wata shekara. Ni kuwa na gaji da jera kwalabe. (Na ma riga na shaida wa mutanen gidanmu cewa darasin ya zama nawa, kun ga ke nan babu komawa baya.)

Darasin da nake hari shi ne na siffofin magani: abin da ya sa magani ɗaya ake yin sa ƙwaya, a yi shi kafso, a yi na ruwa don yara, a yi na allura ko na shafawa, da abubuwan da ake haɗa shi da su kafin ya ɗauki kowace siffa. Da ina da hankali, da na tsaya a kan ƙwaya na yi bayanina na sauka lafiya. Amma ina! Burgewa nake so. Sai na zaɓi maganin matsi, wato ɗan dunƙulen nan mai kama da harsashi da ake sa wa mara lafiya ta ƙasa idan ba ya iya haɗiyar komai. Gwanintar haɗa shi ita ce ya zauna da tauri a waje, ya narke da zarar ya ji ɗumin jikin mutum. Littattafanmu da man koko suke ba da misali. Ni kuma na ce da man kaɗanyar kasuwar Azare zan yi nawa, ɗalibai su ga cewa abin ba sai daga Turai ba.

Na sha wahala kafin in dace. In narka man in tace, in ƙara masa kakin zuma, in zuba a mazubi in jira. Wasu su farfashe, wasu su yi tauri kamar tsakuwa, ko a ruwan ɗumi su ƙi narkewa. Daga ƙarshe dai na samu 'yan ƙalilan da suka fito sumul, kamar daga kamfani. Babu magani a cikinsu, samfuri ne kawai na nunawa. A firjin maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara suka kwana. Da safe na jera su a ƙaramar kula, na zuba ƙanƙara, na sa farar shaddata da ta sha guga, na hau acaɓa ina rungume da kular kamar jariri. Lokacin bazara ne, kun kuma san zafin Azare ba ya jiran rana ta take.

A bakin aji zuciyata ta ƙi kwanciya. Na buɗe kular, na kwaso su da hankici don kada yatsuna su ɓata su, ina jujjuya su ina yaba wa kaina. Sai na ji murya a bayana.

"Malam, an tashi lafiya?"

Farfesa ne. Dattijo ne sa'an mahaifina, kuma ya san gidanmu a Gololo. Na rusuna na miƙa hannu biyu. Shi kuwa ba ya gaisuwar sauri. Ya tambayi Alhaji mahaifina, ya tambayi ciwon ƙafar Alhaji, ya tambayi ko hadari ya fara haɗuwa a can, ya tambayi yayana har da iyalinsa. Ina ta "lafiya lau, ranka ya daɗe" ban san ma me nake amsawa ba. Da ya sake ni, na rufe kular da sauri na bi bayansa muka shiga.

Wallahi farkon karatun ya yi kyau. Na ce musu magani kamar fasinja ne, siffar da aka yi masa ita ce motar da za ta kai shi inda za shi. Na tambaye su, yaro na zazzaɓi yana amai, duk abin da aka ba shi sai ya dawo, kuma babu mai yin allura a kusa, yaya za a yi? Rifkatu, shugabar ajin, ta ɗaga hannu ta ce a yi amfani da maganin matsi. Na ji daɗi. Sai Buba, wani dogon ɗalibi ɗan Chinade da ba ya barin magana ta wuce shi, ya ce, "Malam, to wai ta ina ake matsa shi ɗin?" Ya fi ni sani, neman magana ne kawai. Ga 'yan mata a gaba, ga Farfesa a baya, na kasa kiran sunan wurin. Na ce, "Ta ɗaya ƙofar." Aka yi dariya, har Farfesa na hango yana murmushi. Na ce a raina, shi ke nan, darasi ya zo hannu.

Na daɗe ina bayanin yadda ake auna man da kakin, ina kai da komowa a gaban allo. Sannan na ɗora kular a kan tebur na ce, "Yau za ku gani da idonku." Na buɗe.

Babu komai sai ƙanƙara tana iyo a ruwa.

Na rufe, na sake buɗewa. (Kada ku tambaye ni dalili, ni ma ban sani ba.) Na tsoma hannu na laluba. Na ce ko narkewa suka yi? To ai da na ga mai a saman ruwan. Ko 'ya'yan maƙwabciyata ne suka zaci alewa ce suka shanye? To ai na ga dunƙulen a bakin aji. Ko kuwa a gida na gan su? Ko jiya ne? Kaina ya ɗaure tam. Na duba ƙarƙashin tebur, na duba cikin jakata, na ɗaga murfin kular na leƙa bayansa.

"Wa ya taɓa kular nan?"

Rifkatu ta ce, "Malam, ai tun da ka shigo tana gabanka."

A nan ne na lura 'yan layin gaba sun daina kallon fuskata. Wata ta ja mayafi ta rufe baki, wata ta kifa kai a kan tebur kafaɗunta suna rawa. Buba ya faɗi wata magana da Fulatanci, na kusa da shi suka ƙunshe dariya. Daidai lokacin na ji wani abu mai ɗumi yana bin cinyata a hankali. Na sunkuya. Farar shaddata ta jiƙe daga ƙugu ta gangara, tabon ya yi faɗin faranti.

Gaskiyar da ban taɓa gaya wa kowa ba ita ce, ni ma abin da suka zata shi na zata. Na tsaya ina tambayar kaina, yanzu tsoron Farfesa ne ya kai ni ga haka ban sani ba? Mutum yana yi bai ji ba? Na tuno ruwan da na sha da safe. Na tuno wani darasi da aka taɓa yi mana a kan mafitsara. Ga magani ya ɓace, ga wannan masifa, na rasa wacce zan fara yi wa bayani. Gumi ya keto mini ta ko'ina. Na zura hannu a aljihu na zaro hankici, na share goshi, na share kumatu har wuya.

Rifkatu ta miƙe a hankali ta ce, "Malam, don Allah ka yi haƙuri, fuskarka..."

Ba sai ta ƙarasa ba, hancina ya riga ta. Warin man kaɗanya ne. Na dubi hankicin, ya jiƙe sharkaf da mai. Sai a lokacin abin ya dawo mini: da zan miƙa wa Farfesa hannu biyu, aljihu na jefa su. Tun daga gaisuwar ciwon ƙafar Alhaji suke kwance a jikin cinyata suna yin aikin da na haɗa su su yi. Ina tsaye fuskata tana ƙyalli kamar ta yaron da aka shirya zuwa yawon Sallah, dariyar da aka daɗe ana riƙewa ta ɓalle.

Farfesa ya taso ya zo gaba, bai ko dube ni ba. Ya tambayi ajin, "Wane zafi aka tsara maganin nan ya narke a kai?"

Suka haɗa baki, "Zafin jiki!"

"Ya narke ko bai narke ba?"

"Ya narke!"

"To me ya rage masa?"

Buba ya ce, "Ranka ya daɗe, wurin ne bai dace ba." Ajin ya sake rikicewa. Farfesa ya jira suka lafa, sannan ya yi musu bayanin cewa naɗe magani da ajiye shi suna cikin haɗa shi, wanda bai tanadi abin da zai kare shi har ya isa ga mara lafiya ba, bai gama aiki ba. Ni dai ina gefe na kare tabon da kula.

A ofishinsa ya miƙo mini sabulu ya ce, "Malam, maganinka ya ci jarrabawa. Kai ne dai za mu sake dubawa baɗi." Na koma jera kwalabe, na kuma je Gololo na janye maganar da na yi a gida, ban faɗi dalili ba.

Da shekara ta zagayo an ba ni darasin, kuma har yau ni ke koyar da shi. Abin da na ɗauka daga ranar nan ba shi da yawa. Shi magani bai san inda ka nufa da shi ba, abin da ka tsara masa kawai ya sani, kuma zai yi shi ko a ina ka sa shi. In dattijo ya tare ku da gaisuwa, ku fara tunanin abin da ke hannunku kafin ku tuna da ladabi.