Ni da Oba-oba Mai Doguwar Eriya

Jama'a, ranar Talata injin kwale-kwalena ya mutu a tsakiyar kogi. Fasinja tara, cikinsu har da surukata, wadda tun da na auri 'yarta ba ta taɓa yarda na iya komai ba.

Ko gezau ban yi ba, ai ina da oba-oba. Tun da masu girma manyanmu, Allah ya ƙara musu ƙiba, suka ce kowane jirgi sai ya mallaki na'urar kiran ceto, na yi mako uku ina saƙa da warwara: ta girkewa ko ta hannu? Maƙwabcina mai ɗinkin raga ya ce, "Sayi ta hannu mana, ko jirgin ya kife tana aljihunka." Na ce, "Haba, wannan 'yar mitsitsiyar? Ta girkewa ta fi kai murya nesa." Gaskiyar magana, doguwar eriyar ce ta ruɗe ni, na riƙa hango kaina kamar matuƙin jirgin teku.

To, na miƙe, na gyara hula, na danna. "Ceto, ceto, kuna ji na?" Shuuu. Na sake, da muryar manya. Shuuu. Ruwa kuwa sai janmu yake wajen duwatsu.

"Ɗan nan," in ji surukata, "da wa kake magana?"

"Da hukuma, Inna."

"Ta amsa?"

Na sake dannawa. Ta ɗaura mayafinta a kan filafili, ta ɗaga sama tana kaɗawa. Ba a yi minti biyar ba masunta suka iso suka ja mu gaɓa. Kunya ta kama ni kamar in faɗa ruwan in huta.

Washegari na dira ofishin ceton a fusace. Ga teburi, ga kujera mai juyawa, ga fanka, amma babu oba-oba.

Na ce wa shugaban ofishin, "Ranka ya daɗe, ina taku na'urar?"

"Ba a sayo ba tukuna. Wata takwas ke nan kwamiti yana duba ko ta girkewa za a saya ko ta hannu." Ya turo mini kujera. "Kai da ka gwada, wacce ka ga ta fi?"

Ku dubi wautata. Jin babban mutum ya nemi shawarata, sai fushin ya bi iska. Na zauna na yi awa guda cur ina yabon eriya, yana rubutawa.

Yanzu haka ni ma ɗan kwamiti ne. Da na kai wa surukata wannan albishir, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce daga yau ta gada za ta riƙa zagayawa, ko da wuni za ta yi a hanya.