Ƙarara a Lambun Makaranta

Har gobe ba zan manta da ranar taron iyayen yara a makarantar da na fara koyarwa kusa da Zonkwa ba.

Ni a cikin garin Kaduna na tashi, ilimin itatuwana duk na littafi ne. Amma da aka ba ni darasin aikin gona, sai na ƙudurta yin lambu a bayan ajinmu, na tsiron gida zalla, babu fulawar Turawa ko ɗaya. Na kawo tumfafiya da gamba da duk abin da ya burge ni a bakin rafi. A hanyar Madakiya na ga wani yaɗo mai kyan ganye, na tono shi, na dasa a jikin shinge.

Baba Bitrus mai gadi ya tsaya yana kallona.

"Ticha, wannan abu ba a shuka shi."

Na yi masa bayani mai tsawo a kan darajar tsiron ƙasarmu (har da sunaye na Latin, Allah ya yafe mini). Ya ce, "To," ya koma bencinsa.

Lambu kuwa ya yi kyau. Yaɗon ya zubo furanni masu ruwan shuni, ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi suka cika wurin. Da ruwa ya ɗauke, furannin suka zama kwanso masu gashi kamar karammiski.

Ranar taron na roƙi shugabar makaranta ta bar ni in zagaya da iyaye, don ina son a ƙara mini fili. Na sa farar rigata ta zuwa coci. Na tsaya gaban mata wajen ashirin, yawancinsu manoma, na tsinko kwanso ɗaya na ɗaga sama.

Sai na ga duk sun ja da baya. (Na ɗauka girmamawa ce.)

"Yesu! Ticha, yar da shi, ƙarara ne!" in ji Mama Saratu, shugabar zumuntar mata.

Na yar, na yi murmushi, na share gumin wuyana da hannun nan.

Na daure kamar minti ɗaya ina ci gaba da jawabi. Daga nan na fara susa da yatsa ɗaya, sai da hannu biyu, sai na goga bayana a jikin ginshiƙi. Ban san lokacin da na tuɓe rigar ba. Mama Saratu ta aika aka kawo manja daga kicin, ta zaunar da ni a kan kututture, ta shafe ni tun daga kunne har cibiya, tana cewa, "Sannu, ɗana, kada ka sosa." Sauran matan suna ba da shawara, shugabar makaranta tana kallon sama.

Fili dai ba a ƙara ba, kuma da yamma aka ƙone shingen.

Har yanzu ina shuka tsiron gida, ina kuma sha'awarsu. Sai dai duk abin da na ga yana da kyau a daji, alhali ko akuya ba ta taɓa shi ba, nakan fara tambayar dalili kafin in ɗauko fartanya.